Ƙwallaye 48 da Manchester United ba ta saya ba

Bayan ranar 9 ga Agustan 2025 da Manchester United ta gabatar da Benjamin Sesko, wani lissafi ya yi ta yawo a bakin magoya bayanta, daga Ingila har zuwa gidajen kallon ƙwallo na Kano da Damagaram. Lissafin mai sauƙi ne, shi ya sa ya karɓu. Matheus Cunha ya ci wa Wolves ƙwallo 15 a gasar Firimiya ta kakar 2024/25, Bryan Mbeumo ya ci wa Brentford 20, Sesko kuma ya ci wa RB Leipzig 13 a Bundesliga. Idan aka haɗa, 48 ke nan. United kuwa, da 'yan wasanta gaba ɗaya, ƙwallo 44 ta ci a wasa 38. Sai a ce mutum uku sun fi ƙungiya guda, ga shi kuma an sayo su, saboda haka matsalar cin ƙwallo ta kau. Akwai ma masu ɗora 48 a kan 44 su fito da 92, ba tare da sun ji kunya ba.

Kowace lamba a cikin wannan lissafi gaskiya ce, amma hukuncin da aka ciro daga cikinsa ƙarya ne. Ƙaryar kuwa tana da tsada, domin an kashe sama da fam miliyan 200 a kanta idan aka haɗa da ƙarin kuɗin da aka yi alƙawari, a ƙungiyar da ta sallami ma'aikata 250 a 2024, ta kuma sanar da rage wasu har 200 a Fabrairun 2025. Sir Jim Ratcliffe, wanda ke riƙe da ragamar harkar ƙwallon ƙungiyar, da bakinsa ya faɗa a watan Maris na 2025 cewa ba don tsuke bakin aljihu ba da kuɗin ƙungiyar sun ƙare kafin ƙarshen shekara. Wanda ya kori ma'aikatan ofis da sunan babu, sannan ya zuba irin waɗannan kuɗi a kan mutum uku, ya wajaba a binciki hujjarsa.

Babu mai musun cewa an yi ciwo. Ƙwallo 44 shi ne mafi ƙaranci da United ta taɓa ci tun da aka fara Firimiya a 1992, ƙasa da 49 ɗin da aka yi wa Louis van Gaal ihu a kansu a kakar 2015/16. Ƙungiyoyi huɗu kaɗai suka ci ƙasa da haka: Everton, sai ukun da suka faɗi, wato Leicester da Ipswich da Southampton. Ta ƙare ta 15 da maki 42. Rasmus Højlund ya ci huɗu, Joshua Zirkzee ya ci uku. Mai kallon waɗannan lambobi ba shi da laifi idan ya ce a canza 'yan gaba. Laifin yana wurin wanda ya ɗauka ƙwallaye kaya ne da ɗan wasa ke ƙunshewa a akwati ya sauka da su a sabon gari.

Tarihin ƙungiyar kanta ya isa shaida. A kakar 2011/12 United ta ci ƙwallo 89. Ta sayo Robin van Persie daga Arsenal, ya ci 26, ya ɗauki takalmin zinare, ƙungiyar ta ɗauki kofi, amma jimillar ƙwallayenta ta sauka zuwa 86. A kakar 2020/21, a hannun Ole Gunnar Solskjær, ta ci 73. Ta dawo da Cristiano Ronaldo, ta ƙara da Jadon Sancho a kan fam miliyan 73. Ronaldo ya yi abin da aka ɗauko shi ya yi, ya ci 18, ƙungiyar kuwa ta faɗo zuwa 57. Wanda ya ce ai wannan ruɓewar United ce, sai ya leƙa maƙwabta. Manchester City ta ci 99 a kakar 2021/22 ba tare da wani takamaiman mai lamba tara ba. Erling Haaland ya zo ya ci 36, abin da ba a taɓa yi ba a Firimiya, City ta ƙare da 94. Juventus ma ta ci 86 a shekarar da ta gabaci zuwan Ronaldo, ta ci 70 a shekararsa ta farko.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya gaza, uku daga cikin ƙungiyoyin huɗu ma sun ɗauki kofin gasa a wannan shekarar. Abin da lambobin ke nunawa shi ne yawan damar da ƙungiya ke samarwa yana da iyaka, kuma sabon ɗan gaba daga cikin wannan tukunyar yake ci. Harin da ya kai raga, da ba ya nan wani ne zai kai shi. Fenaretin da ya buga, wani aka karɓe wa. Gwanin gaske yana ƙara wa ƙungiya bambancin da ke tsakaninsa da wanda ya gada a kan dama iri ɗaya, kuma wannan bambanci ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba da lambar da ake rubutawa a gaban sunansa.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan ma'aunin da masu ƙididdiga ke taƙaitawa da xG, wato ƙiyasin ƙwallayen da ya kamata a ci. Ana ɗaukar kowane hari da aka kai raga a duba daga ina aka buga shi, da ƙafa ne ko da ka, ta wace hanya ƙwallon ya iso, sannan a kwatanta da dubban hare-hare irinsa da aka yi a baya a ga nawa ne suka shiga. Fenareti yakan shiga fiye da sau uku cikin huɗu. Bugun da aka yi daga nesa can wajen da'ira kuwa da ƙyar 'yan ƙalilan ke shiga cikin ɗari. Idan aka tara darajar duk hare-haren ɗan wasa a kaka, sai a san abin da matsakaicin ɗan wasa zai ci da irin damarsa. Mutane da yawa suna ƙyamar wannan ma'auni, suna cewa ƙwallo a fili ake bugawa ba a kwamfuta ba. Sai dai ƙungiyar da aka sayo Mbeumo daga hannunta, Brentford, mai ita Matthew Benham da irin wannan ƙididdiga ya gina dukiyarsa ya kuma gina ƙungiyar, kuma sananniya ce wajen sayen ɗan wasa da araha ta sayar lokacin da farashinsa ya kai ƙololuwa. Ta yi haka da Ollie Watkins, ta yi da Saïd Benrahma.

To, me ma'aunin ya ce? Damar da Mbeumo ya samu a kakar 2024/25 darajarta wajen ƙwallo 12 ce, ya ci 20. Cunha damarsa wajen 9 ce, ya ci 15. Wato su biyun suna cikin waɗanda suka fi kowa zarce ƙiyasinsu a duk gasar. Mai kyakkyawan zato zai ce ai wannan ita ce gwaninta, kuma abin da United ta rasa ke nan. Akwai 'yan wasan da ke zarce ƙiyasi shekara bayan shekara, irin su Lionel Messi da Son Heung-min, amma ana gane su ne da daɗewar abin. Kafin zuwansa United, Mbeumo ya yi kaka huɗu a Firimiya. A ukun farko ya ci 4, ya ci 9, ya sake cin 9. Kaka ɗaya tak ya kai 20, biyar daga ciki kuma fenareti ne, alhali a Old Trafford Bruno Fernandes ke buga fenareti. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma United ta sayi jifan ne yana can sama.

Wannan ba ya nufin Mbeumo ɗan wasan banza ne. Mai ƙarfi ne, mai gudu, mai juriyar wasa, ya kuma san gasar. Cunha yana iya ɗaukar ƙwallo daga tsakiyar fili ya keta mutum biyu ko uku, abin da United ta daɗe ba ta da mai yi, kuma magoya bayanta ba su manta da ƙwallon da ya zura musu kai tsaye daga bugun kusurwa ranar 26 ga Disambar 2024 ba. Dukansu sun fi waɗanda suka tarar. Amma ƙwallaye 20 ɗin Mbeumo a cikin injin Thomas Frank aka ƙera su, ƙungiyar da ta ci 66, inda Yoane Wissa ke gefensa da 19, Kevin Schade da 11, Mikkel Damsgaard yana raba musu ƙwallo, ga shekarun da aka kwashe ana gogewa a kan bugun kusurwa da doguwar jifa da saurin kai hari da zarar an ƙwace ƙwallo. A Wolves kuwa Cunha ne sarki, kusan kowane hari ta ƙafarsa yake bi, yana da izinin bugawa daga duk inda ya ga dama. Ƙwallo ɗaya ne a fili, kuma a United akwai masu jiransa da yawa.

Sesko kuma wani lamari ne daban. Lokacin da aka sayo shi yaro ne ɗan shekara 22, dogo, mai tsalle, mai ƙarfin bugu, wanda bai taɓa haura ƙwallo 14 a kaka ɗaya ta Bundesliga ba. Hanyar da ta taso daga Leipzig zuwa Ingila cike take da darasi. Timo Werner ya ci 28 a Bundesliga a kakar 2019/20, ya zo Chelsea ya ci 6. Christopher Nkunku ya bar Jamus yana cikin waɗanda suka fi kowa cin ƙwallo a gasar, rauni da rashin gurbi suka cinye shi a Landan. A Jamus ƙungiyoyi da dama suna tura 'yan bayansu gaba su bar fili a bayansu, abin da mai gudu ke so ke nan. A Old Trafford baƙi sukan ja da baya su cunkushe bakin ragarsu su jira. Sannan abin da ya fi tayar da hankali shi ne kamar an taɓa ganin wannan fim ɗin. A 2023 aka sayo wani dogon yaro ɗan shekara 20 daga Atalanta, mai ƙwallo 9 a Serie A, a kan kuɗin da ya kai fam miliyan 72, aka ɗora masa lamba tara ta ƙungiyar da ta fi kowace yawan masu sa ido a Ingila, babu wani babba da zai koya a wurinsa. Shi ne Højlund ɗin da a Agustan 2025 aka yi ta neman inda za a kai shi. Duk wanda ya kalli wasanninsa na kakar 2024/25 ya ga yaron da ke yin rabin sa'a yana kokawa da masu tsaron baya, ƙwallo bai zo masa a cikin da'ira ko sau ɗaya ba. An canza yaron, ba a canza abin da ya hana ƙwallo isa gare shi ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba ma tukuna. A 2025 tsari ɗaya Ruben Amorim yake bugawa, kuma ya sha faɗa cewa ba zai sauya shi ba: masu tsaron baya uku, 'yan gefe biyu masu hawa da sauka, 'yan tsakiya biyu, mutum biyu a bayan ɗan gaba, sai ɗan gaban. Guraben gaba uku ne kacal, kuma an sayo mutum uku. Su wa za a tayar? Waɗanda suka fi kowa ci wa United ƙwallo a gasar 2024/25 su ne Bruno Fernandes da Amad Diallo, kowanne da takwas. Gurbin Cunha shi ne inda Bruno ya fi yin ɓarna, gurbin Mbeumo kuwa shi ne ainihin wurin Amad, dukansu masu ƙafar hagu ne da ke shigowa daga dama. Abin da zai faru shi ne a ja Bruno baya zuwa tsakiya, a mayar da Amad ɗan gefe mai aikin tsaro ko a ajiye shi a benci. Wato don a shigar da 48 ɗin da ake mafarki, sai an nisanta mutum biyu mafi amfani daga raga. Marcus Rashford ya tafi Barcelona aro, Alejandro Garnacho kuma a Agustan 2025 an ware shi ana jiran mai saye, su ma da ƙwallayensu goma a tsakaninsu. Masu lissafin tarawa ba su taɓa yin na ɗebewa ba.

Tsakiyar da za a tura Bruno kuwa ita ce ramin da ba a cike ba. Mutum biyu ne za su riƙe faɗin fili a gasar da yawancin manyan ƙungiyoyi ke sa uku. A 2025 Casemiro ya kai shekara 33. Manuel Ugarte mai ƙwace ƙwallo ne, amma tura shi gaba ta tsakanin layukan abokan hamayya ba sana'arsa ba ce. Kobbie Mainoo kuwa a lokacin kocin bai nuna ya san inda zai sa shi ba. Bruno jarumi ne mai son jefa ƙwallo mai haɗari, kuma abin da ke sa shi daraja kusa da ragar abokan hamayya shi ne ke sa shi zama barazana kusa da tasa ragar. A gefuna kuma, inda tsarin Amorim ya dogara a samu faɗi da kurosin, akwai Diogo Dalot da Noussair Mazraoui, waɗanda asalinsu masu tsaron baya ne, sai Patrick Dorgu da aka sayo daga Lecce a Fabrairun 2025, yaro ne da bai gama nuna ba. Har zuwa tsakiyar Agustan 2025 ba a sayi ɗan tsakiya ko ɗaya ba.

Wasan ƙarshe na gasar Europa a Bilbao ranar 21 ga Mayun 2025 ya nuna ciwon a fili. United ta riƙe ƙwallo fiye da kashi 70 cikin ɗari, Tottenham ta ja baya bayan ƙwallon Brennan Johnson. Abin da ya biyo baya zagaye ne daga wannan gefe zuwa wancan, sai jefa ƙwallo sama, har aka ƙare da Harry Maguire a matsayin ɗan gaba. Gaskiya ne Micky van de Ven ya fitar da ƙwallon Højlund daga kan layi. Amma ƙungiyar da ta shafe minti 45 tana neman ƙwallo ɗaya daga hannun ta 17 a teburi, da kujerar Gasar Zakarun Turai a kan faranti, ta kasa buɗe ta, matsalarta ta fara tun kafin a zo ga mai bugun ƙarshe.

Masu kyakkyawan zato suna da hujjoji biyu da suka cancanci amsa ta gaskiya. Ta farko daga wannan ma'aunin na xG ta fito: damar da United ta samar a kakar 2024/25 darajarta ta haura ƙwallo 50, ta ci 44. Ke nan an yi ɓarnar dama, kuma kamar yadda wanda ya zarce ƙiyasi ke saukowa, wanda ya gaza shi ma yakan hau. Wannan daidai ne, kuma shi ya sa kusan tabbas United za ta ci fiye da 44 a kakar 2025/26, ko da ba ta sayi kowa ba da alama da ta ci fiye da haka. Sai dai a duba inda hujjar ta tsaya. Idan aka gyara bugun ƙarshe gaba ɗaya, an isa hamsin da 'yan kai. Ƙungiyoyi biyar da suka ƙare a saman teburi kuwa ga abin da suka ci: Liverpool 86, Arsenal 69, Manchester City 72, Chelsea 64, Newcastle 68. Tazarar da ta rage ba gwanin bugu ke cike ta ba, sai an ƙara yawan damar kanta.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Babu wasan Turai a kakar 2025/26, karon farko tun kakar 2014/15. Amorim ya karɓi ƙungiyar ne a Nuwamban 2024, a tsakiyar kaka, yana buga wasa duk kwana uku ko huɗu, bai samu lokacin koyar da tsarinsa ba, ya ƙare da nasara bakwai a wasa 27 na gasa. A 2025 kuwa ya samu atisayen share fage, ga kuma mako guda cur tsakanin yawancin wasanni. Misalin da ake kawowa shi ne Chelsea ta Antonio Conte: ta ƙare ta goma da ƙwallo 59 a kakar 2015/16, ba ta je Turai ba, ta koma tsarin masu tsaron baya uku, ta ci 85 ta ɗauki kofi. Misalin yana da kyau, amma masu kawo shi ba sa ƙarasa shi. Chelsea ɗin nan ita ce zakara shekara ɗaya kafin faɗuwarta, da Eden Hazard da Diego Costa da Cesc Fàbregas a hannu. Waɗanda suka canza ta a cikin sababbin da ta sayo kuwa su ne N'Golo Kanté a tsakiya, Marcos Alonso a gefe, David Luiz a baya. Ɗan gaban da ta saya a wannan bazarar, Michy Batshuayi, a benci ya yi kakar. Guraben da Conte ya zuba kuɗi a kansu su ne daidai waɗanda United ta tsallake.

Arsenal ma ta ba da irin wannan darasi. Daga 61 a kakar 2021/22 ta haura zuwa 88 a ta gaba, ƙarin 27 a shekara ɗaya, kuma babu wanda ya ci mata fiye da 15. Martin Ødegaard da Gabriel Martinelli sun ci 15 kowanne, Bukayo Saka 14, sabon ɗan gabanta Gabriel Jesus 11. Abin da ya canza shi ne yadda ƙwallo ke fita daga baya, da zuwan Oleksandr Zinchenko da William Saliba, da yadda ƙungiyar ta koyi zama a rabin filin abokan hamayya tana matsa musu har su yi kuskure.

Akwai kuma kalanda. Gasar Kofin Afirka ta gudana a Maroko daga 21 ga Disambar 2025 zuwa 18 ga Janairun 2026, a daidai lokacin da wasannin Ingila suka fi cunkushewa. Mbeumo ya tafi da Kamaru, Amad da Cote d'Ivoire, ƙasashen biyu ma rukuni ɗaya suke, Mazraoui kuma yana tare da masu masaukin baƙi. Ukun nan duk a ɓangaren dama suke wasa. An san da wannan tun kafin a biya kuɗin Mbeumo.

Abin da ya fi dacewa a yi tsammani shi ne ƙungiyar ta koma wani wuri tsakanin 55 da 60. Idan haka ta faru za a buga ganga a ce sayayya ta yi riba, domin an ƙara goma sha wani abu. Amma a kakanni uku da suka gabaci ta 2024/25 United ta ci 57, ta ci 58, ta sake cin 57. Ɗaya daga cikinsu ta kai ta matsayi na uku, saboda tsaro ya yi kyau kuma Rashford ya yi kakar rayuwarsa, sauran biyun sun ƙare a na shida da na takwas, kuma a lokacin kowa na kiran wannan adadi abin kunya. Tun da Sir Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013 har zuwa 2025, sau ɗaya tak ƙungiyar ta kai ƙwallo 70 a gasa, duk da Ángel Di María da Radamel Falcao da Romelu Lukaku da Alexis Sánchez da Sancho da Antony sun bi ta wannan ƙofa, kowanne da irin lissafin da aka tarbe shi da shi. Lukaku ya bar ta ya ci 23 sannan 24 a Inter. Scott McTominay ya tafi Napoli ya ci 12, aka zaɓe shi gwarzon Serie A. Antony da aka mayar abin dariya ya je Real Betis aro ya taimaka mata zuwa wasan ƙarshe na gasar Turai. Idan mutane da yawa haka suka dushe a gida ɗaya suka kuma haskaka da sun fita, to gidan ya kamata a bincika.

Arsenal ce ta fara zuwa Old Trafford ranar 17 ga Agustan 2025, ɗauke da Viktor Gyökeres, mutumin da ya ci wa Amorim ƙwallo 29 a gasar Portugal a kakar da Sporting ta ɗauki kofi a 2024. Sakamakon wasa ɗaya ba zai warware gardamar ba, ko ta wane ɓangare ya faɗi. Abin da zai fi faɗin gaskiya shi ne sau nawa Sesko zai taɓa ƙwallo a cikin da'irar abokan hamayya a wasanni goma na farko, da kuma ko za a sayo ɗan tsakiya kafin a rufe kasuwa ranar 1 ga Satumban 2025. Idan ba a sayo ba, Bruno Fernandes, wanda ya ƙi tayin Al-Hilal a watan Yunin 2025 don ya zauna, zai shafe kakar yana bin 'yan tsakiyar wasu ƙungiyoyi da gudu, nesa da ragar da aka fi buƙatarsa a bakinta.